Taken da Aka Yanke a Tsaka

A bayan garin Jos, can wajen tsofaffin ramukan kuza, akwai wani kududdufi mai koren ruwa wanda ko shanu ba sa sha. A ƙarƙashinsa akwai birni. A birnin nan ake ajiye duk wani kiɗa da aka fara a duniya ba a ƙarasa ba. Ni na shige shi da ƙafafuna, na kuma fito, ga abin da ya kai ni.

Sunana Nafi'u. Mu biyu Inna ta haifa, ni da yayana Ilu. Shi Ilu ko gaisuwa ya yi maka sai ka dara. Ni kuwa ba ni da zama. Na bar makaranta a aji uku, na taɓa walda, na taɓa gyaran rediyo, babu inda na cika shekara. Abu ɗaya ya zaunar da ni, ƙahon tagulla da makaɗan zamani ke kira turumfet. Wani tsoho ɗan Saliyo, Pa Koroma, wanda ya yi wa Turawan kuza busa a kulob ɗinsu, shi ya koya mini kiɗan jaz, da zai mutu kuma ya bar mini ƙahonsa. A jaz ba a maimaita busa. Abin da ya zo maka a lokacin shi za ka busa, gobe kuma wani daban ne zai zo. Burina a duniya a ji ni har Legas, har ƙetare, a san sunana.

Wani gidan talabijin ya ɗauki Ilu wasan barkwanci. A wasan, shi mutum ne mai son zama shahararren mabushin jaz amma bai iya komai ba, sai ya sa ƙaho a baki iska ta hau shi ta yi masa busar. Ilu yana gaban kyamara yana zare ido yana birgima, ni ina bayan labule ina busa ta gaske. Gari ya ɗauka. Yara suna binsa a titi. Ni ko maƙwabcinmu bai san da ni a ciki ba.

"Kai dai ci gaba da kumbura kumatu," in ji Ilu. "Ranar da aka ɗaga labulen nan, 'yan mata suka ga fuskarka, wallahi rufe tashar za a yi."

A shiri na takwas, darakta, wani gajere mai suna Gambo, ya kawo Baba Jatau mai garaya ya zauna a gefe don wurin ya yi kama da na bori. Baba Jatau ya yi wa 'yan bori kiɗa a ƙuruciyarsa, ya tuba ya bari shekara talatin. Muna jiran a gyara fitilu, sai yatsunsa suka yi wasa da tsirkiya shi bai ma sani ba. Wani ɗan sauti ne gajere, mai sanyi. Kunnena ya ɗauke shi.

Da Gambo ya ce a fara, da sautin nan na fara. Na ja shi, na lanƙwasa shi, na hau da shi sama na sauko. Ban taɓa yin busa irin ta ranar ba. Ji na yi kamar ƙahon ne yake numfashi da ni. Ta kafar labule na ga Ilu ya daina birgima, ya miƙe a hankali, ya tsaya ƙyam kamar wani basarake, yana saurare.

"Yanke!" in ji Gambo. "Nan tallar sinadarin miya za ta shiga."

Na sauke ƙaho.

Baba Jatau ya yi wurgi da garayarsa ya taso. "Kai yaro, ƙarasa! Ƙarasa maza! Taken iska ne ka busa. Ba a yanke take a tsaka. Wanda ya kira, shi yake sallama."

"Baba, darakta ne ya ce a yanke."

"Daraktan ne ya kira shi, ko kai?"

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Na je na sha ruwa, na dawo, na tarar Ilu yana nan tsaye inda yake. Ya dubi Gambo ya ce da wata murya mai taushi wadda ba tasa ba, "Ya kai shugaban wannan majalisa, na amsa kira, na gode da karramawa. Ina roƙo a buɗe mini hanya in koma gida."

Gambo ya riƙe ciki. "Ku ɗauka! Ku ɗauki wannan! Ilu, Allah ya shirye ka!"

Wata biyu suna ɗauka. Ba ya yin komai sai wannan roƙo, su kuma su ɗora masa dariyar inji a kai. Maganar ta zama abin wasa a gari. Kwandasta zai ce wa fasinja, "Ina roƙo a buɗe mini hanya," mota ta ɗauki shewa. A gida kuwa ba ya cin tuwo, sai raɓar da ke kan ganyen gwanda da sassafe da ɗan abin da Inna ta ɗura masa. Yakan durƙusa ya gaishe ta ya ce, "Ya ke uwar mai wannan jiki, ki gafarce ni, ba da son raina nake zaune a ɗanki ba." Inna ta shiga ɗaki ta yi kuka. Malamai uku suka yi masa ruƙiyya. Ya saurari karatun da ladabi har aka gama, ya ce, "Allah ya saka muku. Ni ma fitar nake so. Ƙofar ce a rufe."

Na busa masa duk abin da na iya. Wancan taken dai ya ƙi dawowa. Na je wurin mai haɗa hoto, ya ce sun goge na asalin, abin da ya rage daƙiƙa biyar ne kuma dariya ta danne shi.

Baba Jatau ya ce, "Taken da aka yanke ba ya zama a duniya, ƙasa yake sauka. In kana da zuciya, je ka koren kududdufi da rana tsaka, sa'ad da inuwarka ta shige ƙarƙashin ƙafarka. Ka tsoma bakin ƙahon a ruwa ka busa."

Ranar da zan tafi, Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ce, "Auta, ina kuma za ka da wannan ƙarfen?"

"Maganin Yaya zan nemo, Inna. Yanzu zan dawo."

"Kai da yanzunka. To ka dawo kafin la'asar, dambu zan yi. Allah ya tsare."

Da na busa a cikin ruwan, sai ya tsage biyu, matakala ta bayyana. Na sauka, na sauka, har na daina ƙirga. A ƙasa babu rana babu wata, amma ko'ina da haske kamar na hantsi. Na iske ƙofar birni, ga wani dogon mutum a bakinta, kunnuwansa kamar faifai, suna motsi kowanne da kansa.

"Aminci ga mai tsaron ƙofa," na ce.

"Aminci ga ɗan Adam mai ɗauke da tagulla. Me kake nema a garin da ba a gayyace ka ba?"

"Yayana nake nema."

Ya sunkuyo ya ɗora kunne ɗaya a ƙirjina. Ya daɗe. "Bakinka ya faɗi abu ɗaya, ƙirjinka ya faɗi biyu. Ba aikina ba ne in raba su. Wuce. A gabanka akwai fili. Duk abin da aka ce maka a filin nan, kada ka amsa, kada ka busa."

Filin cike yake da tsuntsaye baƙaƙe masu haƙoran mutane. Dariyar inji ce, wadda ake ɗora wa wasanni, dariyar da ba ta da mai ita, nan take zubowa ta yi fukafukai. Suna ganina suka taso. Suna ƙyaƙyatawa da muryoyin mutanen unguwarmu.

"Ga mai busa a bayan labule!"

"Wa ya san ka? Wa ya taɓa jin sunanka?"

"Busa mana mu ji, in ka isa!"

Hannuna ya kai kan ƙahon sau biyu. Na cusa shi cikin riga, na rungume, na sunkuyar da kai. Suka yi ta saran kunnuwana da ƙeyata har jini ya jiƙa wuyan rigata. Na ga ƙasusuwan waɗanda suka tsaya ba da amsa a zube a hanya, wani da ganga a gefensa, wani da sarewa. Haka na ƙetare.

Bayan filin sai wani kwazazzabo, ba a hango ƙasansa, babu gada. Wata tsohuwa tana zaune a bakinsa tana kaɗi, ba auduga take kaɗawa ba, hazo ne.

"Sannu da aiki, Kaka. Ta ina ake ƙetarewa?"

"Ta numfashinka, jikana. Busa sauti ɗaya, kada ka yi masa ado, kada ka lanƙwasa shi. Muddin yana fita, akwai gada. In ya tsinke, ta tsinke."

Ni da ban taɓa iya barin sauti ya tafi a miƙe ba. Na cika ƙirji, na busa. Wani siririn zare fari ya miƙa daga bakin ƙahon zuwa wancan gefe. Na hau. A tsakiya yatsuna suka fara ƙaiƙayi suna son su yi wasa, zaren ya girgiza, na danne su. Idona ya rufe, kaina ya fara juyawa. Saura taku uku numfashi ya ƙare, na yi tsalle, na faɗi da ƙirji a kan dutse, leɓena ya fashe.

Da na ɗaga kai, ga birnin. Gidajensa duk rumbuna ne, dogaye, kowanne an rataye masa goruna daga ƙasa har sama, dubu bisa dubu, bakinsu a toshe. Wani yana ɗan rawa, wani yana gunji a hankali. Waƙar uwar da barci ya kwashe kafin ta ƙarasa wa jaririnta tana nan, kiɗan bikin da ruwan sama ya watsa yana nan. A wata farfajiya na ga mutane zaune jere a kan tabarmi, sun yi shiru kamar masu jiran likita. A ƙarshen layin, Ilu ne, da rigar wasansa mai ɗinkin kyalkyali.

"Yaya!"

Ya waiwayo ya yi murmushi. "Kai, mai kumatu, wa ya fasa maka baki? Wai har yanzu ba a gama tallar nan ba? Sinadarin miya ne ko tarihin duniya? Ni fa yunwa nake ji."

Bai san komai ba. A wurinsa ko minti biyar ba a yi ba. Na buɗe baki zan yi magana, wasu dogarai biyu marasa inuwa suka kama kafaɗuna suka shige da ni wani babban rumbu, suka rufe ƙofa.

A ciki wata mata ce zaune a kan turmi na azurfa. Gashinta fari ya sauka har ƙasa, idanunta sun kumbura da kuka. A cinyarta akwai gora guda, ƙarami, sabo.

Na durƙusa. "Ranki ya daɗe."

"Kai ne ɗan Adam da ya kira ɗana, Magajin Raɓa?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Ban sani ba."

"Shekara talatin babu wanda ya buga takensa. Ranar da ya ji ka, ya sa rigarsa ta ado, ya ce mini, Iya, yau an tuna da ni, kuma wanda ya tuna ɗin gwani ne. Ya tafi yana murna. Sai kuka rufe shi a jikin da ba nasa ba, kuka tara duniya tana yi masa dariya."

Na sunkuyar da kai.

"Ba zan hukunta ka ba. Ɗana nake so, kai ma ɗan'uwanka kake so. Ga takenka a goran nan, tun daga farkonsa har inda aka yanke. Zan buɗe ka saurara, ka kama daga inda ya tsaya, ka kai shi ƙarshe, ka sauke shi a hankali yadda ake sallamar baƙo. Amma ka san abu biyu. Na farko, duk buɗewa ɗaya, shekara ɗaya ce a garinku. Na biyu, in ka ƙarasa shi ya zama na ɗana. Goran zai fashe, zai fita daga kanka, babu kunnen ɗan Adam da zai sake jin sa har abada."

"Na ji, na yarda."

Ta cire toshiyar.

Ban san yadda zan faɗa muku ba. Na san ni na busa shi, amma ban taɓa jin kaina daga waje ba. Duk abin da Pa Koroma ya yi ta ƙoƙarin nuna mini yana ciki, da abin da shi ma bai kai ba. Dogaran nan marasa inuwa suka sunkuyar da kai. Ni kuwa kuka ya ci ƙarfina, har sautin ya tsaya cak ban lura da inda ya tsaya ba.

"Ka riƙe?" ta ce.

"Ban riƙe ba, ranki ya daɗe. A gafarce ni."

"Shekara ɗaya ta tafi."

Ta sake buɗewa. Wannan karon na share hawaye, na bi shi taki-taki kamar mai bin sawu. Na ga inda ya hau, na ga inda ya juya, na ga daidai inda muryar Gambo ta sare shi. Ƙarshensa ma ya zo mini, a fili, yatsuna har sun fara taɓa maɓallan ƙahon da kansu.

"Ka riƙe?"

Na riƙe. Wallahi na riƙe. Na dubi goran nan a cinyarta. Abu mafi kyau da na taɓa yi a rayuwata, ba wanda ya san ni na yi shi, yanzu kuma zan busa ya fashe, ni kaina in manta. Na ce a raina, sau ɗaya dai, in ji shi ba don aiki ba, in ji shi don kaina.

"Saura kaɗan, ranki ya daɗe. A ƙara mini ɗaya."

Ta dube ni har sai da na kawar da ido. "Ya kai ɗan Adam, ni uwa ce, amma ina da shekara dubu da zan iya jira. Taka uwar, nawa gare ta?"

"Lafiyarta ƙalau na baro ta. Ɗaya kawai."

Ta cire toshiyar a karo na uku. Na rufe ido na sha shi tun daga farko har ƙarshe. Ya fi na farko daɗi. Ba zan yi muku ƙarya ba, a lokacin ban tuna kowa ba.

Da ya tsaya, na ɗaga ƙaho da fasasshen leɓena na kama daga nan. Na hau da shi sau ɗaya, na juyo, na sauko da shi a hankali, a hankali, har ya kwanta. Goran ya tsage a cinyarta. Iska mai sanyi mai ƙamshin ciyawar safiya ta shigo rumbun, sai ga wani saurayi siriri da rigar ado duk ta yamutse, ya faɗa jikin matar nan yana cewa, "Iya, Iya." Ba ta sake kallona ba. Na nemi sautin a kaina, na tarar babu, kamar ɗakin da aka kwashe kayansa.

Dogaran suka fito da ni. Tabarmar Ilu babu kowa. Suka tura ni ta wata ƙaramar ƙofa, na ji ruwa ya rufe ni, na buɗe ido a bakin kududdufi, rana tana tsaka.

Da gudu na nufi gida. An yi kwalta a layinmu. Gwandar tsakar gida ta fi katanga tsawo. Mata sun cika zaure suna salati. Na kutsa na shiga. Ilu yana zaune a tabarma, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, gemu ya cika masa fuska. Gwaggo Lantana, ƙanwar Inna, tana riƙe da kofi a bakinsa.

Tana ganina ta saki kofin. "Innalillahi! Nafi'u? Kai ne? Shekara uku! Mun yi maka sadakar arba'in, ɗan nan!" Ta nuna Ilu tana kuka tana dariya. "Yanzun nan ya yi atishawa uku, ya dube ni ya ce wai, Gwaggo, wa ya ara mini gemu?"

Ilu ya ce, "Mai kumatu, zo ka gaya mini abin da ke faruwa, kowa sai kuka yake. Ina Inna? Na tambaya sun ƙi ba ni amsa."

Gwaggo ta zauna a ƙasa.

"Ta yi ƙoƙari," ta ce. "Ita ke masa wanka, ita ke ɗura masa kunu, ta fita ƙofar gida ta tsaya ko za ta hango ka. Shekara biyu tana kan ƙafarta garau. A ta ukun ne jiki ya ƙi. Wata biyu ke nan da rasuwarta. Ranar da za ta cika, ita da ba ta taɓa faɗar sunan ɗan fari ba, sai da ta kama hannunsa ta ce, Iliyasu, Iliyasu, ka amsa mini ko sau ɗaya. Wancan bawan Allah da ke jikinsa ya yi ta ba ta haƙuri yana hawaye."

Bayan la'asar na goya Ilu a baya, don ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, muka je maƙabarta. Ciyawa ba ta ma gama rufe kabarin ba. Muka yi addu'a. Ya daɗe yana shafa ƙasar da tafin hannunsa. A nan bakin kabarin na ba shi labarin tsuntsayen, da gadar, da matar mai gora. Ban faɗi sau nawa aka buɗe ba.

"Wata biyu," ya ce. "Wata biyu kacal, Nafi'u. Da mun yi sauri kaɗan da mun same ta." Ya juyo ya dube ni, ba da zargi ba, tambaya kawai. "Me ya tsayar da kai haka?"

"Hanyar ce da nisa, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Ya kai hannu ya taɓa tabon kunnena, ya taɓa leɓena da ya fashe, idonsa ya cika.

"Sannu, ƙanena. Ka sha wahala saboda ni. Da Inna tana nan da ta sa maka albarka."

Na ce, "Ba komai, Yaya." Na durƙusa ya hau bayana, muka kama hanyar gida.